Idan Aka Sa Kamfaninka a Gaba a Soshiyal Midiya

Duk mai kamfanin da ya kira ni da daddare saboda wani bidiyo ya fita a kan kayansa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Malam, wane ne ya saki abin nan? A nemo mini shi." Nakan ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ajiye maganar wanda ya saki. Abin da ya faɗa, haka ne ko ba haka ba ne?" A nan ake yin shiru a waya, domin galibi bai sani ba. Bai kira manaja ba, bai tambayi direba ba, bai ma kalli bidiyon har ƙarshe ba. Iyakar saninsa, surukinsa ya turo masa, ƙanwar matarsa ta turo masa, wani dila daga kasuwar Singa kuma ya kira ya ce a dakata da kawo kaya.

Hulɗa da jama'a ce sana'ata, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki ba su da sashen yaɗa labarai irin na manyan kamfanoni. Masu fiya wata ne da masu yogot, gidajen burodi da na abinci, makarantun kuɗi, da matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram. Da su nake magana. Abin da na gani a wannan aiki shi ne, jama'a na saurin yafe kaya mara kyau fiye da yadda masu kaya suke zato. Abin da ke tsaya musu a rai shi ne su ga mai kuɗi ya taka wanda ya kawo ƙorafi. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa manufarsa ɗaya ce: kada zancen ya tashi daga kan kayanka ya koma kan halinka.

Sa'ar farko

Fara da karɓe shafin daga hannun yaron da ke kula da shi. Ba laifi ya yi ba, kishin kamfanin ne zai sa ya mayar da martani da zafi, kuma kalma ɗaya ta rashin kunya da sunan kamfaninka ta isa a ɗauki hotonta a yi ta yawo da ita. Ka dakatar da duk tallan da aka riga aka tsara zai fita. Babu abin da ke tunzura mutane kamar ana kukan yaro ya kwana yana gudawa, sai ga shafinka ya saki garaɓasar ƙarshen mako, sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta.

Sai saƙo ɗaya ga ma'aikata da 'yan gida: kada kowa ya tanka. Na fi tsoron 'yan gida a kan ma'aikata. A watan Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwani na Nagiko, na kamfanin Erisco, ya cika sukari. Ƙorafin mai girki ne kawai, har sai da wani ya shigo ƙarƙashin rubutun ya ce ta daina ɓata kayan ɗan'uwansa. Ita kuma ta mayar masa da maganar da ta fi ta farko zafi nesa ba kusa ba, kuma daga wannan musayar aka samu jimlar da aka yi ta shari'a a kanta. Zan dawo kan wannan labari.

Ka adana komai: hoton rubutun, bidiyon, lokacin da aka ɗora, da sharhin da aka fi yaɗawa. Kada ka goge sharhin mutane, kada ka yi ta bulokin masu tambaya. Abin da za a iya cirewa shi ne zagin iyaye, barazana, da inda aka saki lambar wayar ma'aikaci ko adireshin gidansa.

Yanzu sai neman gaskiya a cikin gida, kuma a nan akwai dabarar da nake so ka riƙe. Idan za a tambayi ƙananan ma'aikata, mai gida ya fita daga ɗakin. Na taɓa aiki da wani kamfanin yogot da wata baiwar Allah ta nuna robarsa a TikTok, murfin ya kumbura, tana buɗewa ya yi tsartuwa a hannunta. Muka tsayar da bidiyon daidai inda ta juya robar, muka ƙara girman hoton har lambar zubin da ake bugawa a wuyanta ta karantu. Littafin sito ya nuna motar da ta ɗauki wannan zubi da unguwannin da ta kai. Ana tambayar direba a gaban Alhaji, rantsuwa kawai yake yi. Da Alhaji ya tafi sallar isha'i, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi yallaɓai mota ce ta mutu mini a hanya, tun azahar sai bayan la'asar makanike ya tashe ta. Na ji tsoron a cire a albashina." A zafin watan Afrilu, na'urar sanyi a kashe. Da an fitar da sanarwa kafin wannan magana, da an ce matar ƙarya take yi, kuma da mu ne maƙaryatan.

Maganar farko

Kada ka jira sai ka san komai. Shiru ma magana ce, kuma a irin wannan lokaci fassararta ɗaya: sun san gaskiya ne. Cikin 'yan sa'o'i, tun kafin mutane su kwanta su shiga hirar dare a gurup-gurup, ya kamata gajeriyar magana ta fita. Ga irin wadda muka fitar a wancan dare:

"Assalamu alaikum. Mun ga bidiyon da wata baiwar Allah ta ɗora yau game da robar yogot ɗinmu da ta kumbura. Mun yi magana da ita, kuma muna bin sawun duk kayan da suka fita tare da wannan roba. Kafin mu gama, duk mai roba da ke ɗauke da lamba kaza a wuyanta kada ya sha, ya mayar inda ya saya a ba shi kuɗinsa, ko da ba rasit. Gobe da ƙarfe sha biyu na rana za mu faɗi abin da muka gano. Ga lambar da za a same mu."

Ka duba abin da babu a ciki. Babu maƙiya, babu 'yan hassada, babu masu son ganin bayanmu. Babu tarihin shekarun da kamfani ya yi yana hidima da adadin matasan da ya ɗauka aiki. Babu kuma wannan jimla ta lauyoyi, "idan har akwai wanda ransa ya sosu", wadda kowa ya san ba ban haƙuri ba ce. Akwai abin da aka gani, abin da ake yi, abin da mai saye zai yi, da lokacin da za a dawo. Lokacin nan alƙawari ne. Ƙarfe sha biyu ta yi maka kana magana, ko da abin da za ka ce shi ne sakamakon gwaji bai fito ba tukuna.

Manyan kamfanoni ma na faɗawa wannan rami. Ranar 9 ga Afrilun 2017 jami'an tsaron filin jirgin sama na Chicago a Amurka suka jawo wani likita ɗan shekara 69 a ƙasa daga jirgin United Airlines, fuskarsa jina-jina, don a sama wa ma'aikatan kamfanin kujeru. Fasinjoji suka ɗauka da wayoyinsu. Sanarwar farko ta shugaban kamfanin, Oscar Munoz, haƙuri ta bayar a kan sauya wa fasinjoji tsarin tafiya, alhali duniya na kallon jini. Sannan ya rubuta wa ma'aikata wasiƙar cikin gida yana kiran mutumin mai taurin kai da neman faɗa, wasiƙar kuma ta fita waje. Sai ranar 11 ya ba da haƙuri na sosai, lokacin an riga an gama da su. Darasin da ya shafe ka: duk abin da ka rubuta a gurup ɗin ma'aikata, ka ɗauka a bainar jama'a ka rubuta shi.

A ina, da wane harshe

Wannan ne wurin da 'yan boko irina suka fi yin kuskure. Magana ta fita a saƙon murya na WhatsApp da Hausa, wata uwa tana cewa "don Allah duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa", sai kamfani ya amsa da takarda mai tambari, da Turancin lauya, a shafin X. Wa ya karanta? 'Yan jarida da abokan manaja. Matar da ta hana 'ya'yanta shan kayanka ba ta gani ba, ba kuma za ta gani ba.

Inda zance ya tashi, nan ake kashe shi. Bidiyon TikTok, bidiyo ne amsarsa, gajere, mai kamfani da kansa ko wanda ke jan ragamar aiki, a tsaye a wurin da ake yin kayan, ba a kan kujerar ofis mai juyawa ba. Saƙon murya, saƙon murya ne amsarsa. Ka tuna ba ka da hanyar ganin nisan da abu ya yi a WhatsApp, domin saƙonnin a rufe suke tsakanin mai turawa da mai karɓa. Ma'auninka shi ne kiran diloli da katan-katan ɗin da aka fara dawo da su.

Shi ya sa nake cewa diloli da 'yan sari su riga kowa jin bayani. Mai kanti a Kurna ko Tudun Wada shi ake tsarewa da tambaya, "Malam, wai da gaske ne abin da ake faɗa?" Idan ya ce shi ma bai sani ba, ka rasa unguwa guda. Idan yana da muryarka a wayarsa da lambar zubin da aka janye, ya zama kakakinka ba tare da ka biya shi ba. Kada kuma a raina rediyo. Masu ƙorafi sun daɗe da sanin hanyar shirye-shirye irin su Inda Ranka na Freedom Radio a Kano da Brekete Family a Abuja. Idan aka kira ka don jin ta bakinka, ka ɗaga waya. "Duk ƙoƙarin da muka yi na jin ta bakinsu ya ci tura" hukunci ne aka yanke maka.

Ita kuwa mai ƙorafin, a same ta a ɓoye, cikin mutunci. A batun yogot ɗin nan, an kira maigidanta aka nemi izini, Hajiya, matar mai kamfanin, ta je da ma'aikaciya ɗaya, suka duba yaran, aka biya kuɗin magani. Ba a je da mai kyamara ba, ba a kuma roƙe ta ta goge bidiyon ba. Ranar da ka nemi a goge, roƙon naka ne bidiyo na gaba. Ba ta goge ba, ba ta kuma fito ta yabe mu ba. Ciniki ya ja baya na wasu makonni, an yi asarar kayan da aka janye, amma zancen ya mutu saboda kowane dila yana da amsa. Direban ma ba a ambaci sunansa a waje ba. Mai kamfanin da ya jefa ƙaramin ma'aikaci gaban jama'a don ya tsira, mutane na ganewa.

Idan ƙarya ce, ko ba kayanka ba ne

A nan bakinka kaɗai bai isa ba, tunda kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. Kana buƙatar wanda ba ya cin riba da kai ya yi magana. A ƙarshen Afrilun 2023 hukumomin lafiya a Taiwan da Malesiya suka ce sun samu wani sinadari mai haɗari a wani nau'in taliyar Indomie da ake yi a Indonesiya. Nan da nan labarin ya iso Najeriya, inda masu shekaru ba su manta da firgicin 2004 ba, lokacin da aka yi ta jita-jitar taliyar na kisa a zamanin Dora Akunyili a NAFDAC. Kamfanin Dufil, mai yin Indomie a nan gida, ya tsaya kan abu ɗaya: tasa a Najeriya ake yin ta, daban take da waccan. NAFDAC ta ce nau'in da ake magana a kai ba shi da rajista a ƙasar, shigo da irin wannan taliya daga waje ma haramtacce ne, ta ɗebi samfuri ta gwada, daga baya ta sanar cewa ta gida ba ta da matsala. Maganar hukumar ce ta kwantar da hankalin iyaye.

Kai ma haka za ka yi gwargwadon ƙarfinka. Ka kai samfuri gwaji, ka gayyaci jami'an NAFDAC ko na hukumar kula da ingancin kaya ta SON da ƙafarka kafin su zo da kansu, ka nuna takardar a bidiyo yadda za a iya karanta ta. Idan jabu ne aka yi da sunanka, ka ɗora na gaske da na jabu gefe da gefe ka nuna bambancin murfi da rubutu. Kada ka sa ƙaryar a kanun sanarwarka, domin wanda bai ji ba kai ka sanar da shi. Ba na kuma ba da shawarar a raba wa masu tashe a TikTok kuɗi su fito rana ɗaya suna yabo da kalmomi iri ɗaya. Yaran yanzu sun fi mu gane tallan da aka ɓoye.

Idan addini ko mutunci aka taɓa

Wannan ba ya son dogon bayani. A Istar 2022 bankin Sterling ya saki saƙon da ya kwatanta tashin Almasihu da tashin burodin Agege. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta fusata, hukumar kula da tallace-tallace ta ce ba a kawo mata tallan ta tantance ba, shugaban bankin, Abubakar Suleiman, ya rubuta takardar ban haƙuri. Shekara na zagayowa masu madarar Peak suka maimaita irinsa da hoton gwangwani a lotse an huda shi da ƙusa, mai nuni da gicciye Almasihu, su ma suka janye suka ba da haƙuri. A Maris ɗin 2024 kuma hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ta rufe shagon soyayyar kaza na KFC da ke filin jirgin Murtala Muhammed a Legas, bayan wani mai keken guragu ya rubuta a X yadda aka hana shi zama a ciki.

A irin wannan, "ba haka muke nufi ba" ƙara wa wuta fetur ne. A janye nan take, a amsa laifi kai tsaye, a je wurin shugabannin waɗanda aka ɓata wa rai ƙafa da ƙafa. A Arewa kuwa ka san abin na iya wuce ƙaurace wa kaya ya kai ga rayukan ma'aikata. Idan ka ga alamar haka, rufe shago, sallami yara su tafi gida, sanar da mai unguwa da limamin Juma'a da jami'an tsaro, sannan a yi maganar sanarwa. Rigakafinsa mai arha ne: duk saƙon Sallah, Maulidi, Kirsimeti ko Ista, mutum biyu masu bin addinin su gani kafin ya fita. Barkwanci kuma a bar shi sai inda ba wanda ya cutu. KFC ta Ingila ta yi wa kanta dariya da hoton bokitin kaza wayam a jaridu a 2018, lokacin da sauya kamfanin dakon kaya ya sa ɗaruruwan shagunanta suka rufe, kuma ya karɓu. Amma kaza ce ta yanke, ba wanda ya kwanta asibiti.

Maganar caji ofis

A nan nake yawan samun saɓani da masu kamfani. Alhaji ya san DPO, lauyansa ya karanto masa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, zuciya kuma tana tafasa. Mu koma kan Erisco. Kamfanin ya kai ƙara, mako guda bayan rubutun 'yan sanda suka kama matar a Legas suka wuce da ita Abuja. Aka shigar da ƙarar neman diyyar naira biliyan 5, a 2024 kuma aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya. Ni ba alƙali ba ne, kuma kamfanin yana da hujjarsa cewa an zarge shi da kashe mutane ba tare da shaida ba. Amma ta fuskar sana'ata, duba abin da ya faru. Rubutun da da ya nutse cikin kwana biyu ya zama gangamin ƙaurace wa kayan kamfanin, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shigo, Amnesty ta yi magana, CNN ta ɗauka. Mutanen da ba su taɓa ganin gwangwanin ba suka san sunansa, kuma da kamun mace suka san shi, ba da miya ba.

Ko ka yi nasara a kotu, mai sayen tumatir ba ya karanta hukunci. Ga shi an yi wa sashen na 24 gyara a 2024 an rage faɗinsa, dokar kare masu saye kuma ta ba mutum damar yin ƙorafi a kan abin da ya saya da kuɗinsa.

Akwai inda lauya da 'yan sanda suke da amfani. Wanda ya turo maka saƙo ya ce a tura masa kuɗi ya goge bidiyo, wanda ke buga jabun kayanka, wanda ke barazana ga ma'aikata, waɗannan ka adana shaida ka bi doka, kuma kada ka biya ko sisi, don wanda ka biya yau zai dawo da abokinsa. Haka nan idan bayanan kwastomomi ne suka fita, lambobin waya ko na asusu, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka sa'o'i 72 ka sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan abin na iya cutar da masu bayanan. Wannan aikin lauya ne, ka kira shi da wuri. Abin da ba na ba lauya shi ne rubuta maganar da jama'a za su karanta. Ya duba, ya cire abin da zai jawo shari'a, amma kada ya riƙe alƙalamin.

Bayan ƙura ta lafa, ka dawo ka nuna abin da aka gyara: sabuwar na'urar sanyi a mota, dokar cewa direban da ya faɗi gaskiya ba za a taɓa albashinsa ba, lambar ƙorafi da ake ɗagawa da gaske. Ka maƙala bayanin a saman shafi, saboda bidiyon zai sake fitowa bayan wata shida kamar sabo, kuma kana son amsar ta kasance a shirye.

Sai takarda guda, shafi ɗaya, da za ka rubuta tun yau ka ajiye a aljihun tebur. Wa ke magana da sunan kamfani, wa ke maye gurbinsa idan yana Umara, wa ke da ikon cewa a janye kaya ba sai an jira Alhaji ba, lambar lauya, lambar ofishin NAFDAC na jiharku, da jerin manyan diloli. A ƙarshenta a rubuta wa ke riƙe da lambobin sirrin shafukan. Kamfanoni da yawa, ɗan ƙanin mai gida ne ya buɗe musu Facebook da Instagram da lambar wayarsa, yanzu yana sansanin bautar ƙasa a wata jiha ko ya canza layi. Ka mayar da shafukan kan imel da layin kamfani, ka kunna matakin tsaro na biyu, mutum biyu amintattu su san yadda ake shiga.